Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Wanda Ya Rina Baƙon Zare a Karofin Hausa

Da wuya a sami ma'aikaci ko ɗalibi a ƙasar Hausa wanda ya zauna bisa bencin makarantar firamare, ya fita bai ji labarin akun nan da ya zama wazirin sarki ba. Daga Karaye zuwa Rogo, daga Katsina zuwa Maraɗi, malamai sun karanta wa yara littafin Magana Jari Ce, yaran sun girma sun karanta wa nasu 'ya'yan, kuma akasarinsu sun tashi suna tsammanin labaran da ke cikinsa tatsuniyoyin kakanninmu ne da aka tattara aka rubuta. Alhali kuwa da yawa daga cikin labaran nan baƙi ne, waɗansu daga Bagadaza suka fito, waɗansu daga Indiya da Farisa, waɗansu kuwa daga Jamus da Italiya. Mutumin da ya yi musu masauki, ya tuɓe musu tufafin ƙasarsu ya sa musu riga da rawani har 'yan gida suka kasa gane su, shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam. A wannan fili namu na tunawa da mazan jiya, yau za mu bi tarihin rayuwarsa, mu ga yadda harsuna uku da ya tashi a cikinsu, watau Hausa da Larabci da Ingilishi, suka haɗu suka haifi irin salon rubutun da har yanzu a ke auna marubutan Hausa da shi.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Abubakar Imam cikin shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a zamanin nan ya ke cikin lardin Kwantagora, yanzu kuwa yana cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, asalin kakanninsa daga ƙasar Barno suka taso, mahaifinsa kuwa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali. Kagara ba a tsakiyar ƙasar Hausa ta ke ba, tana wani yanki ne inda Bahaushe da Bafillace ke cuɗanya da Kamuku da Gwari a kasuwa da gona. Saboda haka tun yana ƙarami kunnensa ya saba da jin yadda magana guda ke sake kama in ta fita daga wannan baki ta shiga wancan.

Kamar kowane ɗan malami, da allo ya fara. Ya yi karatun Alƙur'ani a gida, ya kuma tashi yana jin a ke fassara littattafan Larabci da Hausa a zaure, kalma bayan kalma, yadda malamanmu suka saba tun zamanin da. Wannan irin karatu na zaure makarantar fassara ce babba, ko da ya ke ba a kiranta da wannan suna, domin almajiri kullum yana ganin yadda a ke ɗauko ma'ana daga wani harshe a zuba ta cikin wani.

Yana da shekara 11, watau cikin 1922, ya koma Katsina wurin wansa Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ke koyarwa a can, wanda kuma daga baya ya zama Walin Katsina. A Katsina aka sa shi makarantar boko ta lardi, sa'an nan cikin 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar horon malamai wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe cikin 1922. Wannan kwaleji ta yi suna wajen matsa wa ɗalibai su iya Ingilishi, faɗi da rubutu, kuma a cikinta ya yi zamani da su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama cikin 1932 sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, inda ya riƙa koyar da Ingilishi. Ke nan kafin ya cika shekara 22 ya riga ya mallaki rumbu uku: Hausar gida da ta fada, Larabcin zaure, da Ingilishin kwaleji.

GASAR 1933 DA RUWAN BAGAJA

A wannan lokaci rubutun boko bai daɗe da shigowa ba. Hausawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da ajami, amma abin da suka fi rubutawa shi ne waƙoƙin wa'azi da fiƙihu da tarihi da wasiƙu. Ƙagaggen labari kuwa, a ganin malamai, tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare, bai cancanci a ɓata masa tawada ba. Makarantun boko suna yaye yara masu iya karatu, amma babu abin karantawa da zai ja hankalinsu. Don toshe wannan giɓi ne Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda daga baya aka mai da ita Hukumar Talifi, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin 1933, a ƙarƙashin Dokta Rupert East.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri, su ne kuwa harsashin ƙagaggen labarin Hausa na boko: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da East, da kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Abin sha'awa a nan shi ne wa da ƙane kowa ya shigo da nasa littafi, kuma duka biyu suka sami karɓuwa.

Ruwan Bagaja labarin wani Alhaji Imam ne na Kwantagora, wanda ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman daga wulakancin da aka yi masa a fada. A cikin yawonsa yana ta gamuwa da wani abokin hamayya, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama. Masu bincike sun lura cewa ƙashin bayan labarin, watau neman ruwan da ke warkar da cuta a ƙarshen duniya, ya yi kama da wata tatsuniyar Jamus daga cikin waɗanda 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara bugawa cikin 1812. Shi kansa Imam bai ɓoye ba cewa ya sha daga Muƙamatul Hariri, littafin nan na Alhariri mutumin Basra wanda ya rasu cikin 1122, mai muƙama 50, wanda malamanmu ke karantarwa don sanin lugga. A cikin Muƙama ma mutum biyu ne ke ta haɗuwa gari bayan gari, mai ba da labari Alharisu ɗan Hammamu, da kuma mai wayon nan Abu Zaidi mutumin Saruja.

To, amma duba abin da Imam ya yi da wannan aro. Muƙama an gina ta ne bisa tsauraran kalmomi da ƙafiya, sai wanda ya ƙoshi da Larabci ke jin daɗinta. Imam ya ɗauki tsarin haɗuwa da rabuwa, ya bar tsaurin lugga a zaure, ya zuba labarin cikin Hausar kasuwa da ta bakin hanya. Har ma ya mai da ilmin Larabcin kansa abin raha. Akwai wurin da Alhaji, wanda bai san kome ba, ya shiga wani gari ya zama babban malami a idon jahilai, sai ga Malam Zurƙe ya zo da karatunsa na gaske. Da aka yi gwaji, Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya nemi a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya yi ta ambaton baƙaƙen Larabci masu lanƙwasa irin su nun, Alhaji kuwa ya nuna wa jama'a cewa siffar jinjirin wata ce, abin da kowa ya sani da idonsa, nan take aka kori mai ilmi aka ɗaukaka jahili. Wannan raha ba ta yiwuwa sai a ƙasar da a ke girmama allo da tawada, kuma a ke duban wata don azumi da salla. Mai karatu yana dariya, amma kuma an nuna masa yadda taron jama'a ke bin mai baki su bar mai sani.

WATA SHIDA A ZARIYA

Ruwan Bagaja ya sa East ya gane cewa ya sami marubuci. Cikin 1936 aka ari Imam daga Katsina aka kai shi Zariya na kimanin wata shida, don ya rubuta littattafan karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Turawa da na ƙasashen Gabas, shi kuwa ya duƙufa yana karantawa, yana zaɓe, yana rubutawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka fara bugawa cikin 1937, mai ɗauke da labarai fiye da 80.

Manazarta na gida da na waje sun bi sawun labaran nan, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun kuma nuna inda da yawa suka fito. Akwai na Alfu Laila, watau Dare Dubu da Ɗaya, kamar labarin Ƙamaruzzaman. Akwai na Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci daga harshen Farisa cikin ƙarni na 8, asalinsa kuwa daga Indiya. Akwai na 'yan'uwa Grimm, da na Hans Andersen mutumin Danmak, da na Dekameron, littafin Boccaccio na Italiya na ƙarni na 14. Akwai kuma waɗanda ya ɗebo daga bakin Hausawa, da waɗanda ya ƙaga da kansa.

Hatta igiyar da ta ɗaure labaran, watau aku mai ba da labari dare bayan dare, tana da dangi a Gabas. A Indiya akwai wani tsohon littafi na hikayoyi 70 na aku, wanda aka juya shi zuwa harshen Farisa cikin ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can, wani attajiri ne ya yi tafiya ya bar matarsa, ita kuwa kowane dare sai ta yi shirin fita wurin wani namiji, aku ya tsare ta da labari har gari ya waye. Imam ya san cewa littafin makaranta ya ke rubutawa, kuma a ƙasar da malamai da iyaye ke kallon boko da zargi. Sai ya cire matar aure da kwartonta, ya sa Musa ɗan Sarki Abdurrahman a gurbinsu. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa a gida, Waziri maci amana yana ƙulle-ƙullen yadda zai fitar da yaron daga fada a hallaka shi, aku kuwa yana riƙe shi da labari har sarki ya komo. Da wannan canji guda labarin ya tashi daga sha'anin ɗaki ya koma sha'anin sarauta da amana da gadon mulki, abubuwan da kowane Bahaushe na zamanin En'e ya san nauyinsu.

Wani abu kuma da ya riƙe daga tsarin Gabas, domin ya dace da manufarsa, shi ne mutuwar tsuntsuwar da ta faɗi gaskiya tsirara. Macen aku ta hana Musa fita kai tsaye, ya fusata ya kashe ta. Namijin ya ga abin da ya faru, sai ya bi ta hanyar hikaya, ya sami abin da ita ta nema ta rasa ranta a kai. Ma'anar sunan littafin ke nan gaba ɗaya. A littafi na biyu aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari, a na uku kuwa ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zama da sarakuna da sarrafa harshe.

YADDA YA KE HAUSANTAR DA LABARI

Mai karatu zai so ya san ta wace hanya baƙon labari ke zama ɗan gida a hannun Imam. In aka duba da kyau za a ga dabaru huɗu ko biyar da ya ke maimaitawa.

Ta farko ita ce sake suna da muhalli. Inda Bature ya ce gidan sarauta na dutse, Imam sai ya kawo fada da zaure da soro, da dogarai da fadawa da 'yan lifida. Inda a ke shari'a a majalisar gari, sai ya kawo alƙali da muhuti. Tsohon labarin nan na Jamus na mai sarewar garin Hamelin, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa ya kwashe 'ya'yan garin, a hannun Imam ya zama labarin Sarkin Busa, watau an ba mai sarewa sarautar sana'a irin wadda Hausawa suka sani, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa.

Ta biyu ita ce sake dangantakar mutane. A wata tatsuniyar Grimm, kuyanga mai dafa abinci ce ta cinye kaji biyu da aka soya don baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon da cewa maigida na wasa wuƙa don ya yi masa lahani, ta kuma gaya wa maigida cewa baƙo ya gudu da kajin. A Magana Jari Ce wannan ya zama labarin Kalala da Kalalatu, miji da mata. Da ya mai da su ma'aurata, sai labarin ya shiga cikin abin da Hausawa suka daɗe suna raha a kansa, watau wayon mata da kwaɗayin maza da haƙƙin baƙo a kan mai masauki.

Ta uku ita ce karin magana. Labarai da yawa karin magana ne sunansu, kamar wanda ke maganar karen bana da zomon bana, ko banza da wofi. Mai karatu tun bai shiga labarin ba ya riga ya ji muryar kakarsa, ya kuma san ma'aunin da zai auna abin da zai faru. Da haka labarin da aka haifa a Italiya ke zama kamar an ƙage shi ne don ya fassara karin maganar Hausa.

Ta huɗu ita ce Musulunci da lokutansa. Mutanen Imam suna sallama, suna alwala, suna rantsuwa da Allah, suna auna tafiya da azahar da la'asar, labarin aku kuwa kiran asalatu ke yanke shi. Abin da ya ci karo da tarbiyya, musamman a labaran Dekameron da Alfu Laila, yakan rage shi ko ya sake masa fuska. Imam ya ambata a tarihin rayuwarsa cewa East ya gargaɗe shi kada ya bar mugu ya ci nasara a ƙarshen labari. Wanda ya gwada littattafan biyu zai ga alamar wannan gargaɗi: a Ruwan Bagaja mai wayo ke cin riba, a Magana Jari Ce kuwa maci amana ke faɗawa ramin da ya gina.

Ta biyar, wadda ta fi sauran wuyar koyo, ita ce ginin jimla. Daga Larabci ya sami nauyin kalma da salon buɗe hikaya da ambaton wani zamani da wani sarki a ƙasashen Gabas. Daga Ingilishi ya sami tsarin babi da sakin layi da alamomin rubutu, da yadda a ke jera zance tsakanin mutum biyu a takarda. Amma numfashin jimlar na Hausa ne, gajerun aikatau suna bin juna, ya tashi, ya shiga, ya duba, ya fito, kamar yadda gwanin tatsuniya ke yi, ga kirari da zambo da kalmomin amsa-kama a wuraren da suka dace. Shi ya sa in an karanta shi da ƙarfi a aji, yaro ba ya jin ƙamshin fassara ko kaɗan.

GASKIYA TA FI KWABO

Cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka kuma naɗa Imam editanta na Hausa, aikin da ya riƙe fiye da shekara 10. Nan gwanintarsa ta fassara ta sami aiki na kullum, domin cikin shekarar nan Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, ya zama tilas a bayyana wa manomi da ɗan kasuwa abin da ke faruwa a Turai da Bama, da jiragen sama da na ruwa da tsarin mulkin ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Irin dabarar da ya yi wa hikayoyi ita ya yi wa labaran duniya, yana kwatanta abin nesa da na kusa, yana shigo da baƙuwar kalma in babu makawa, ya lanƙwasa ta ta dace da bakin Bahaushe.

Akwai kuma wata cuɗanya ta cikin gida da ya kamata a lura da ita. Mutanen Karaye da Rogo, da ya ke suna zaune a kusurwar da ƙasar Kano ta haɗu da ta Katsina da ta Zazzau, sun san yadda Kananci da Katsinanci da Zazzaganci ke gauraya a kasuwa guda. Imam ma haka Hausarsa ta ke: haihuwar Kagara, tashin Katsina, aikin Zariya, ga kuma daidaitacciyar Hausa da aka gina bisa karin Kano wadda ita a ke bugawa. Hausar da ya riƙa fitarwa a littafi da jarida ta zama wadda Basakkwace da Bahaɗeje da Bazazzagi duk za su karanta ba tare da tuntuɓe ba, kuma ta taimaka ƙwarai wajen zaunar da irin Hausar da a ke koyarwa a makarantu.

Cikin 1943 ya tafi Ingila tare da ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, wadda Dokta Nnamdi Azikiwe ke cikinta. A can ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, ya bayyana masa koke-koken matasan Arewa masu ilmin boko game da yadda a ke tafiyar da mulkin En'e. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da sauran 'yan tawagar suka shirya, domin a ganinsa ba ta yi la'akari da halin da Arewa ke ciki ba. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda a cikinsa ya yi wa Ingila abin da ya saba yi wa hikaya, ya auna ta da mudun Hausa don mai karatu ya gane.

SAURAN AIKINSA DA RASUWARSA

Imam na cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma zauna a majalisar dokoki a farkon shekarun 1950. Daga nan ya bar siyasa ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, har ya zama shugabanta, a daidai lokacin da a ke ƙoƙarin cike guraben Turawa da 'yan ƙasa. Duk da wannan nauyi bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, ya yi Ikon Allah tare da East don bayyana ilmin halitta da Hausa, ya rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na halifofi, da kuma labarin hajinsa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya cikin watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo cikin shekarun 1980, sa'an nan cikin 1989 kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

ARO NE KO SATA

Tun da aka fara tono tushen labaransa, waɗansu suka ce ashe gwanin namu mai kwafi ne, tun da ba a rubuta a jikin littafin inda kowane labari ya fito ba. Wannan magana tana da gefen gaskiya, domin a ƙa'idar talifi ta yau wajibi ne marubuci ya faɗi inda ya ɗebo, kuma bai kamata ɗalibi ya fake da Imam ya kwashi aikin wani ya sa sunansa ba. Amma kuma ya kamata a tuna cewa hikayoyin nan tun asali matafiya ne. Kalila wa Dimna ya bi ta Indiya da Farisa kafin ya zama na Larabawa, Boccaccio ya tsinci da yawa daga nasa a bakin mutane da tsofaffin littattafai, 'yan'uwa Grimm kuwa tattarawa suka yi. Abin da a ke tambaya ga mai irin wannan aiki shi ne me ya ƙara, kuma me labarin ya zama a hannunsa. Farin zane ko daga ina aka saƙo shi, in ya shiga karofi ya sha baba ya sha bugu, sunan marinin a ke kira a kasuwa.

Wannan muhawara ba ta mutu ba. Tun daga shekarun 1980 da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, har zuwa finafinan Hausa da a ke zargi da kwaikwayon na Indiya, tambayar ita ce dai wadda Imam ya fuskanta cikin 1936 a Zariya. Bambancin da ke tsakaninsa da masu gaggawa shi ne ya san harshen da ya ke ɗebowa daga cikinsa, ya kuma fi sanin wanda ya ke zubawa a ciki. Ya karanta Muƙama a gaban malami, ya koyar da Ingilishi a aji, sa'an nan ya san yadda dogari ke magana da yadda tsohuwa ke zagi da yadda bafade ke kirari. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, aronsa zai fito da ɗinki a waje.

Saboda haka muna jan hankalin ɗalibanmu masu sha'awar rubutu, da ma'aikatan da ke fassara takardun gwamnati da sanarwar lafiya da ta aikin gona, su koma su sake karanta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da idon mai koyon sana'a. Su ɗauki labari guda, su nemo asalinsa in sun samu, su jera su biyu, su ga abin da aka cire da abin da aka ƙara da dalilin yin haka. Darasin da za su samu a nan ya fi na littattafan ƙa'ida da yawa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.